Yadda alƙalai ke ba da maki a damben MMA

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka kalli faɗan da ɗan wasa ɗaya ya kayar da abokin karawarsa sau da yawa, ya danne shi a ƙasa mafi yawan lokaci, amma da aka tashi sai aka ɗaga hannun wanda aka danne, kana tambaya ko maguɗi aka yi. Na fi shekara goma ina bin wannan wasa na MMA, wato damben da ya haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji, kuma a farko ni ma da irin wannan fushin nake tashi daga kallo, har sai da na karanta dokokin, na kuma fara ajiye takarda da biro ina ba da nawa makin turmi bayan turmi.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, rafalin da ke cikin keji ba ya ba da maki. Aikinsa ya tsare lafiyar 'yan wasa, ya tsayar da faɗa idan wani ya suma ko ya miƙa wuya ko ya kasa kare kansa, ya kuma cire maki idan an yi laifi irin su tsone ido, duka a mara, ko riƙe wayar keji. Masu ba da maki mutum uku ne da ke zaune a gefe daban-daban na kejin, ba sa shawara da juna. A Amurka hukumar wasanni ta jihar da ake faɗan, kamar ta Nebada, ita ke naɗa su, ba kamfanin UFC mai shirya faɗan ba.

Tsarin makin daga damben boksin aka aro shi. Kowane turmi minti 5 ne, da hutun minti 1 a tsakani. Faɗa na yau da kullum turmi 3 ne, na kambu ko babban faɗan dare kuwa turmi 5. Wanda ya ci turmi yana samun maki 10, ɗayan kuma 9 ko ƙasa da haka. Da an buga ƙararrawa alƙali zai rubuta makinsa ya miƙa, ba zai sake komawa ya gyara ba. Wato ba faɗan gaba ɗaya suke aunawa ba, kowane turmi da hukuncinsa, a ƙarshe a tara.

To, da me ake cin turmi? Nan ne amsar tambayarka take. Dokokin bai ɗaya da aka fara amfani da su a jihar New Jersey a farkon shekarun 2000, ƙungiyar hukumomin dambe ta ABC kuma ta amince da su a 2009, an yi musu gyara mai muhimmanci wanda ya fara aiki a Janairun 2017. Gyaran ya jera ma'aunai uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko shi ne duka da kokawa masu tasiri, wato waɗanda suka yi wa abokin karawa illa ko suka kusantar da faɗan ga ƙarewa, kuma dukan da ya girgiza mutum nan take ya fi ƙananan da suka taru nauyi. Sai idan alƙali ya ga sun yi kunnen doki a wannan ne zai duba wanda ya fi kai farmaki, sai kuma idan nan ma babu bambanci ya duba wanda ya fi iko da fili. A gaskiya da wuya a kai ga na biyu, balle na uku.

Saboda haka kayarwa ita kaɗai ba ta cin turmi. Idan mutum ya kai abokinsa ƙasa ya kwanta a kansa minti uku, bai sauke masa duka mai nauyi ba, bai matsa zuwa wurin da ya fi haɗari ba, bai nemi shaƙe shi ko murɗe masa hannu ba, alhali na ƙasan yana sara masa gwiwar hannu har ya fasa masa goshi, ko ya kusa kama shi da shaƙa, to na ƙasan ne ya ci turmin a ƙa'ida. Haka ma ƙididdigar duka da ake nunawa a talabijin: alƙalai ba da ita suke aiki ba, kuma naushi ashirin na shafa bai kai ɗaya da ya sa ƙafafun mutum suka yi rawa ba.

Inda ni kaina nake da ƙorafi shi ne faɗin da 10-9 yake da shi. Turmin da aka ci da ƙyar 10-9 ne, wanda aka ci a fili ma sau da yawa 10-9 ne. Ka ɗauka wani ya ci turmi na farko da na biyu da ɗan rinjaye kaɗan, a na uku kuma aka lakaɗa masa duka. Idan alƙali ya ba da 10-9 a turmi na uku, wanda ya ci biyun farko zai yi nasara da 29-28 ko da fuskarsa ta kumbura, idan kuwa ya ba da 10-8 sai a tashi 28-28. Doka ta ce a duba illa da rinjaye da tsawon lokacin rinjayen kafin a ba da 10-8, amma alƙalai ba su daidaita a kan inda iyakar take ba. A Satumban 2023, a karawa ta biyu tsakanin Alexa Grasso da Valentina Shevchenko, alƙali ɗaya ya ba Grasso 10-8 a turmi na biyar, wannan makin ne ya sa aka tashi canjaras, kambun ya ci gaba da zama a hannun Grasso. Kamfanin Pride na Japan a zamaninsa faɗan gaba ɗaya yake aunawa, kuma ina ganin hakan ya fi kusa da abin da idon mai kallo yake gani, ko da yake shi ma yana da haɗarinsa, domin mintunan ƙarshe sukan rufe abin da ya faru a farko.

Faɗan da ya fi koya mini bambancin kuskure da saɓanin ra'ayi shi ne na Jon Jones da Dominick Reyes a birnin Houston, a Fabrairun 2020. Ni na ba Reyes turmi uku na farko, na ba Jones biyu na ƙarshe. Alƙalai biyu suka ba Jones 48-47, na uku ya ba shi 49-46. Da na sake kallo na kashe murya, sai na ga cewa akwai turmin da ya yi kusa ƙwarai, mai adalci zai iya karkata ko'ina, don haka 48-47 ba zalunci ba ne duk da ban yarda da shi ba. Amma 49-46 na nufin an ba Jones turmi huɗu, wannan kam har yau ban ga hujjarsa ba, kuma yana yi mini ciwo, domin mutum ya shafe watanni yana horo, kambun duniya da makomar sana'arsa suna rataye a kan alƙalamin.

Kashe muryar nan ba ƙaramin abu ba ne. Masu sharhi da ihun 'yan kallo suna juya tunani fiye da yadda mutum yake zato, alƙalin kuma daga kusurwa ɗaya yake gani, wani lokaci bayan rafali ko ginshiƙin keji ya tare masa dukan da kyamara ta nuna maka sau uku. Shawarata ita ce ka koma ga faɗan da ya ɓata maka rai, ka kashe murya, ka tsayar da bidiyon a ƙarshen kowane turmi ka rubuta makinka kafin ka ci gaba, kana tambayar kanka wanda aka fi yi wa illa a waɗannan mintuna biyar. Bayan haka ka nemo takardun makin alƙalan, UFC takan fitar da su bayan faɗa, ka duba turmin da kuka saɓa. Idan ka yi, ka turo mana makinka da sunan faɗan, ni ma zan kalla in ba da nawa.