Kafin Ka Kai Tsohuwar Wuƙa Bakin Giranda

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon duk a kan wuƙar aljihu suke, irin mai naɗewa ta shige cikin ƙotarta. Mun zaɓi guda shida.

Assalamu alaikum. Na tsinci wuƙar aljihun kakana a cikin adakarsa. Ta yi tsatsa, da ƙyar take buɗewa. Wani mai walda ya ce in kawo ya goge mini ita da giranda ta koma sabuwa. In kai masa? Daga wani mai karatu a Gusau.

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kai. Giranda na cin ƙarfe da sauri, kuma tana zafafa shi. Taurin da aka ba ruwan wuƙa a masana'anta yakan fara sakewa da zarar zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Salsiyas. In ka ga bakin ya yi ruwan ɗorawa, ya kai wajen 230. In ya yi shuɗi, ya kusa 300, kuma wannan wurin ba zai sake riƙe kaifi ba. Siririn baki da tsini ba sa buƙatar fiye da daƙiƙa biyu ko uku su kai haka. Ga kuma hatimin maƙerin da ke gindin ruwan, wanda shi ne shaidar asalin wuƙar, sau ɗaya dutsen zai bi ta kansa ya shafe shi.

Abin da take buƙata da farko wanka ne. Ɗiga kalanzir a gaɓar da ruwan ke juyawa da kuma tsawon sifirin ɗin baya, wato ƙarfen gadon bayan ƙotar da ke riƙe ruwan a buɗe ko a rufe, ka ajiye ta kwana ɗaya. Washegari ka naɗe ruwan da tsumma, ka riƙa buɗewa da rufewa a hankali. Za ka ga baƙin ruwa na tsatsowa. Goge, ƙara kalanzir, maimaita har ya fito garau. Cikin ƙotar kuma, inda ƙurar aljihu da gashin yadi suka daskare, tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori sun isa. Yawancin wuƙaƙen da ake cewa sun mutu datti ne kawai ya cushe su.

Sai tsatsa, kuma a nan ne ake yawan kuskure, don kala biyu ce. Ja mai gari-gari ita ce mai cin ƙarfe, ita za a cire. Baƙi-baƙi ko toka-toka mai santsi da ke lulluɓe tsohon ruwa kuwa ba cuta ba ce, tana ma rage wa jar tsatsa hanyar kamawa. A bar ta. Shafa man keken ɗinki a kan jar, ka kankare da gefen wani guntun tagulla, domin tagulla ta fi ƙarfen wuƙa laushi, ba za ta karce shi ba. Ka bi da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000 da masu fenti da kafintoci ke amfani da shi, ba na wanke tukunya ba. In tsatsar ta ƙi, sai samfefa mai lamba 600 da mai, ka naɗa ta a jikin ɗan katako mai lebur, ka riƙa ja ta fuska ɗaya daga gindi zuwa tsini, sannan ka hau 1000. Ƙananan ramukan da tsatsa ta riga ta haƙa ba sa cikewa. Mai son ya shafe su sai ya cinye duk ƙarfen da ke kewaye da su har ya kai zurfinsu, ya wayi gari da ruwa siriri kamar reza.

Kafin duk wannan, manna tef ninki biyu a kan kaifin. Wasawa ita ce aikin ƙarshe.

An ce in jiƙa wuƙata mai tsatsa cikin ruwan khal kwana biyu. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Ruwan khal na cin tsatsa, Malama, amma ba ya tsayawa a nan. Kwana biyu zai bar ƙarfen da kaushi, ya shiga ƙarƙashin sifirin inda ba za ki iya busarwa ba, ya kuma ɓata ƙota in ta ƙashi ce. In dole ne, ruwan wuƙar kaɗai za ki tsoma a kofi, ƙotar na sama, minti 20 zuwa 30, ki fitar ki goge ki duba. Bayan nan ki ɗauraye da ruwan da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki don ya kashe tsamin, ki busar sarai, ki shafa mai nan take. Ƙarfen da ya fito daga tsami yakan sake yin tsatsa cikin mintuna. Ki kuma sani zai fito da launin toka mai duhu.

Batun mai: kada ki sa man gyaɗa ko manja a gaɓa. Suna daskarewa su yi danƙo, su kama ƙura. Ɗigo ɗaya na man keke ya wadatar.

Yaya zan gane asalin wuƙa, kuma wacce ta dace in fara koyon gyara da ita? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Buɗe ruwan ka duba gindinsa da haske mai kyau. Sunayen garuruwa uku za ka fi cin karo da su: Sheffield ta Ingila, Solingen ta Jamus, da Thiers ta Faransa. Tauraro da kuros tare alamar kamfanin Joseph Rodgers na Sheffield ce. Okapi, mai zobe a baya, an fara yin ta a Solingen a 1902 don kasuwannin Afirka, aka mai da aikin Afirka ta Kudu a 1988, saboda haka wadda ke ɗauke da sunan Jamus ta girmi wannan shekarar. Douk-Douk mai ƙotar farantin ƙarfe da aka lanƙwasa, kamfanin Cognet na Thiers ne ya fito da ita a 1929, ta kuma bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka. Kamfanin Case na Amurka ya sa ɗigo goma a hatiminsa a 1970, yana cire ɗaya kowace shekara, don haka mai ɗigo bakwai na wannan zubin ta 1973 ce. In ka ga an rubuta Inox ko Rostfrei, ƙarfen mara tsatsa ne, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913, ke nan wuƙar ba ta kai wannan shekarar tsufa ba.

Don koyo, nemi mai ruwa ɗaya, mai araha, wadda in ta lalace ba za ka yi baƙin ciki ba. Wuƙar Opinel ta Faransa mai lamba 8 ta dace ƙwarai: ruwa santimita 8.5, ƙotar itace guda, ƙusa ɗaya, da zoben kulle da aka ƙara mata a 1955. Kana iya sassaƙa ƙotar yadda kake so ba tare da ka taɓa ƙusar ba. Aibinta ɗaya, da damina itacen na kumbura ya riƙe ruwan. Sai a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur ruwan ya ɗan leƙo, a shanya ta a inuwa, a shafa kakin zuma a tsagar.

Wuƙar gado da mai tsohon hatimi kuwa, wanke su za ka yi ka shafa mai. Ba a koyon aski a kansu.

Ruwan wuƙata na girgiza in na buɗe, kuma in na rufe tsinin na leƙowa yana yaga mini aljihu. Daga wani tela a Kano.

Matsala biyu ce, Malam, kowace da maganinta.

Riƙe ruwan a buɗe ka gwada. In hagu da dama yake motsi, ƙusar juyi ce ta saki, kuma wannan mai sauƙi ne. Yanko ɗan falle daga gwangwanin lemo, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, ka tsaga shi ka zura tsakanin gindin ruwan da farantin ciki, wato siririn ƙarfen da ke ƙarƙashin kumatun ƙotar. Ɗora kan ƙusar na ƙasa a kan ƙarfe mai lebur, ka dinga bugun na sama da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, bugu marar nauyi, uku ko huɗu, ka juya ɗaya gefen. Zare fallen ka gwada. Amfanin fallen shi ne ya hana ka matse gaɓar har ruwan ya ƙi motsi, domin matsewa na da sauƙi, sassautawa ce wahala. In kuwa sama da ƙasa yake motsi, gindin ruwan ko bakin sifirin ne ya cinye, ba kuma ƙusa za ta gyara wannan ba. Irin wannan sai an kwance, kuma sau da yawa sai an samo wata irinta an ciro kayan gyara.

Tsinin da ke leƙowa sakamakon shekarun wasawa ne: ruwan ya rage faɗi, tsinin ya haura. Duba gindin ruwan ta ɓangaren kaifi, za ka ga wani ɗan tudu kamar dunduniya, shi ke sauka a kan sifirin in an rufe. Ja ƙaramin magagari a kansa sau biyu, rufe, duba. Sau biyu, ba goma ba. Ɗan abin da ka ci a dunduniya yakan ninka sau da yawa a tsini, saboda tsinin ya fi ta nisa da ƙusar. In ka zarce, kaifin zai riƙa dukan sifirin yana dakushewa, tsagar da farce ke kamawa kuma ta nutse cikin ƙota. In an kusa kaiwa haka tsinin bai ɓuya ba, sai a rage shi ta gadon baya da dutse, a gangaro da bayan ya tarar da kaifin. Haka ma ake yi wa tsinin da ya karye.

Ina so in canza kumatun ƙota in sa na itace ko ƙaho. Ta ina zan fara? Daga wani kafinta a Jos.

Tunda hannunka ya saba da itace, rabin aikin ka riga ka iya. Ɗauki hoton wuƙar ta kowane gefe tukuna. Bar ruwan yadda sifirin ya fi sakewa, a naɗe da tef. Buga ɗan gurbi a tsakiyar kan kowace ƙusa, ka huda da bakin diril da bai kai ƙusar kauri ba, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, har kan ya tashi, sannan ka tura sauran waje da siririn ƙarfe. Jera kayan a kan takarda bisa tsarin da suka fito. Auna tsohuwar ƙusa, yawanci tsakanin milimita 2 da 2.5 take, ka nemi sandar tagulla daidai ita. Sandar tagulla ta masu walda da gas na yi, in ka samu kaurin.

Itace ya zama mai tauri kuma busasshe na watanni: ƙirya, kanya ko marke. Ɗanyen itace zai yi kyau da damina, hunturu na zuwa ya tsuke ya tsage daga ramin ƙusa. Yanka falle biyu masu kaurin milimita 4, ka bar rarar milimita 2 a kewaye. Fuskar da za ta kwanta a kan faranti sai ta zama lebur sosai, ka goge ta a kan samfefa da aka shimfiɗa bisa gilashi. Kankare farantin da samfefa 120, goge da sifirit, ka haɗa da gam mai bututu biyu irin Araldite, mai jinkirin kamawa, ka matse awa 24. Ka huda ramukan ta cikin farantin, kowane gefe da nasa, don ramin itace ya bi na ƙarfe daidai.

Mayarwa ita ce inda sabon hannu ke gumi, saboda sifirin na ture ruwan daga ramin. Sa ƙusar baya da ta tsakiya, ka danne sifirin a bakin bais, wato matsewar ƙarfe ta kan benci, da aka yi wa shimfiɗar fata, ka zura ƙusa mai tsini ta daidaita ramukan, ka biyo ta da sabuwar ƙusar tana tura ta waje. Bar milimita ɗaya a kowane gefe, sa fallen gwangwani, ka yi ta ƙananan bugu a gefen kan ƙusar har ya baje. Bugu mai ƙarfi na kumbura ƙusar a ciki ya fasa itacen. Daga nan sai magagari, samfefa 220, 400, 600, a ƙare da kakin zuma.

Ƙahon sa ana tsaga shi, a dafa wajen rabin awa, a matse tsakanin ƙarfe biyu masu lebur har kwanaki, amma yana da halin komawa lanƙwasarsa, don haka ya fi son ƙarin ƙusa. Ƙashin ƙafar sa ko na raƙumi a dafa da garin sabulu har maiƙon ya fita, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Ka rufe hanci da baki in kana goge su.

Akwai ƙotar da cire ta wajibi ne. Tsofaffin wuƙaƙe da yawa an yi musu kumatu da wata roba mai suna seluloyid, mai launuka kamar alawa. In ta tsufa tana tsukewa, ta tsattsage, ta riƙa fitar da iska mai guba ga ƙarfe. Alamarta ita ce tsatsa a ɓangaren ruwan da ke waje in an rufe, tagullar ta yi kore, wani lokaci da warin kafur in an murza. Raba ta da sauran wuƙaƙe yau, ka ɓamɓare kumatun da hannu. Kada inji ya taɓa ta, tana kama wuta nan da nan.

Ina wasa wuƙata amma ba ta kaifi. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Galibi hannu ne ke sauya kwana. Ana son digiri 20 a kowane gefe, wato ka ɗaga bayan ruwan daga dutse da kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa: ruwa mai faɗin milimita 15, ɗagawa milimita 5. Shafa tawadar alƙalamin maka a bakin, ka ja sau uku, ka duba. In tawadar ta goge a sama ta bar bakin, ƙara ɗagawa kaɗan. Tsaya a gefe ɗaya kan dutse mai kaushi har ka ji wani siririn leɓe ya tashi a ɗaya gefen daga gindi zuwa tsini, sannan ka juya. Wanda bai jira leɓen nan ba bai kai bakin ba tukuna. Koma dutse mai laushi da hannu sakwa-sakwa, ka ƙare a bayan tsohon bel na fata, kana ja baya-baya sau goma kowane gefe. In ka yi duk wannan wani yanki na bakin ya ci gaba da lanƙwashewa, duba ko akwai shuɗi a wurin. In akwai, an taɓa kai ta giranda, sai ka ci gaba da cin wurin da dutse da ruwa har ka tarar da ƙarfe mai tauri.