Amsa ga Alhaji kan shiga daji da jif ɗin alfarma

Assalamu alaikum. Alhaji, tun daren jiya na ga tambayarka: kana da gona a bayan Alkaleri, kana tunanin sayen Lexus LX 600 ko Range Rover, kana son sanin ko za su jure hanyar daji ta gaske, musamman da damina. Shekara goma sha huɗu ke nan ina bin ma'aikatan haƙar rijiyar burtsatse ƙauye-ƙauye tsakanin Bauchi da Gombe, daga yashin Gamawa har tsaunukan Tula, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Maganar ƙarfi dai, suna da shi, kada wani ya ce maka kwalliya ce kawai. LX 600 a kan shasi ɗaya take da Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, injinsu V6 ne mai turbo biyu da ya maye gurbin tsohon V8, kuma tana da ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari. G-Class ta Marsandi tun 1979 aka ƙera ta don aikin wahala, har yau tana da makulli uku da ke tilasta wa tayoyi juyawa tare. Da aka ce gasa za a yi ta hawa tudu ɗaya a sauko, sabbin nan za su ba tsofaffin motocinmu kunya, don kwamfutarsu na gane tayar da ke sulɓi ta kama mata birki kafin direba ma ya farga.

Inda nake tsorata maka shi ne dawowa gida.

Daminar shekara huɗu da suka wuce, cikin Agusta, wani babba daga cikin masu ɗaukar nauyin aikinmu ya zo daga Abuja duba rijiyoyi a wasu ƙauyuka na arewacin Dukku, wajen kogin Gongola. Ya zo da wata ƙatuwar jif ta Turai, irin wadda ke zaune a kan balan-balan na iska maimakon sifirin. Da safe ta burge kowa. Akwai wani kwazazzabo da motarmu sai da ta ja da baya sau biyu kafin ta haye, ita kuwa direban ya danna maɓalli, ta ɗaga jikinta sama, ta haura kamar a kan kwalta. Wajen azahar muka bi ta gefen wata saura da aka sassabe, kututturen sabara ya tsaga gefen tayar gaba. Rim ɗinta inci 21 ne, robar da ke kansa ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba, tsagar kuma a gefe take, inda babu fakanizan da zai iya faci. Aka sa safaya. Ba mu yi nisa ba muka faɗa laka, wani reshe ya fizge ɗan sandar da ke gaya wa kwamfuta tsayin motar. Nan take gaban direba ya cika da fitilu, motar ta sauke kanta har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ta ƙi tashi. Injin lafiya lau, giya lafiya lau, amma ba hali. Bakaniken da muka ɗauko a babur, dattijo ne da ya iya aikinsa, ya kwanta a tabarma ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya karkaɗe wandonsa ya ce, "Yallaɓai, wannan sai mai kwamfuta." Kwana biyu ta yi a wurin, matasan garin na gadinta, kafin a samu tarakta ta jawo ta bakin titi, aka ɗora ta a babbar mota zuwa Abuja.

A wannan daminar dai tsohuwar a-kori-kurarmu ta karya sifirin baya. Muka cusa guntun itace, muka ɗaure da robar tsohon tiyub, muka lallaɓa har Bajoga. Kafin magariba an sa mata wani.

Taya ita ce rabin maganar, mutane kuma ba sa kula da ita. A yashi irin na Gamawa da Zaki, dabarar ita ce ka rage iska, daga 35 zuwa wajen 20 a ma'aunin iskar taya (PSI), tayar ta baje ta riƙa taka saman yashin. Mai rim 16 ko 17 yana da robar da zai yi haka. Mai rim 22, wanda wasu LX 600 ke zuwa da shi, in ya rage iska sai ƙarfen ya riƙa cizon robar, dutse ɗaya ya ishe shi asara. Ko ka samu mai faci, sabuwar taya mai wannan lamba ba a kowane gari ake samunta ba, sau da yawa sai an aiko daga Kano ko Abuja.

Sai nauyi. Waɗannan manyan sun haura tan 2 da rabi tun kafin a zuba mutane da kaya, Hilux kuwa wajen tan 2 take. Wanda ya san baƙar lakar nan ta wasu sassan Gombe, wadda ke tsattsagewa da rani ta zama kamar ƙullun tuwo da damina, ya san abin da wannan bambanci ke nufi. Lakar na cike zanen taya ta mayar da ita sumul, motar ta zauna a kan cikinta. Samari takwas za su iya cicciɓo ƙaramar mota da shebur da itace. Babbar sai tarakta, kuma lokacin huɗa kowace tarakta tana gonar wani.

Game da ruwa, kamfanoni na rubuta zurfin da motarsu za ta iya shiga: Land Cruiser 300 santimita 70, sabuwar Defender ta Land Rover santimita 90. Wannan lissafin ruwan da ke kwance ne a kan ƙasa mai tauri. Rafukanmu bayan ruwan dare gudu suke, ƙasansu yashi ne da ke zarewa daga ƙarƙashin taya. Tsohuwar mota in ta sha ruwa a ciki, a cire kafet a shanya. Sabuwa kuwa akwatunan lantarki ne a ƙarƙashin kujeru da bayan dashbod, wata biyu bayan nan sai ka ga gilashi ya ƙi sauka, yau wannan fitila gobe waccan. Ni ƙa'idata, ko wace mota nake ciki, sai na naɗe wando na taka ruwan da ƙafata, ko in jira in ga inda 'yan acaɓan garin ke bi.

Mai ma abin dubawa ne. In tanki ya yi ƙasa a ƙauye, na 'yan bumburutu za ka sha, kuma sabbin injuna ba sa haƙuri da man da ke da ruwa ko datti yadda tsohon injin dizal 1HZ na Land Cruiser 70 ke yi. Ba banza ba Toyota ke ci gaba da ƙera wannan samfuri tun 1984, ƙungiyoyin agaji kuma na ci gaba da sayensa.

Akwai abu ɗaya da ba na ƙarfe ba ne, amma ba zan ɓoye maka ba: ka san halin tsaro a dazuzzukan yankin. Motar ɗaruruwan miliyoyi da ke bin hanya ɗaya duk mako tana jawo ido.

To, Alhaji, ya danganta da abin da kake kira daji. In zuwa Yankari ne da iyali, a karya ta Dindima a shiga ta Mainamaji a je Wikki a yi wanka, ko wacce ka saya za ta kai ka cikin sanyi da jin daɗi. In gonar ce, sau biyu a mako daga Yuni zuwa Oktoba, da buhunan taki da ma'aikata, ni a wurina kuɗin LX 600 ɗaya ya isa ka sayi Hilux ko Land Cruiser 70 ta gona, ka kuma samu motar fita kunya ta cikin gari. In kuwa dole sai mota ɗaya, ɗauki Land Cruiser 300 ko Prado mai rim 18 ko ƙasa da haka, ka sa mata taya mai kaurin gefe, ka riƙa tafiya da safaya biyu, famfon iska, shebur, igiyar ja mai kyau da faffaɗan katakon ɗora jak. Mai balan-balan dai ban ba ka shawara ba.

Ka faɗa mana kilomita nawa ne daga kwalta zuwa gonar, da rafi nawa ake tsallakawa, da ko ƙasar jigawa ce ko laka. In ta wajen Futuk ce ko Duguri, na san hanyoyin, zan iya gaya maka inda ake kafewa. Allah Ya sa albarka a abin da za ka saya.