Amsar tambayarka a kan doki da kayan hawa

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce kana son shiga hawan Daushe bana, kana tambayar wane launin doki al'ada ta fi so, da kayan da za ka fara saya. Zan faɗa maka, amma ka sani launi shi ne ƙaramin abu a cikin sha'anin nan.

Farin doki shi ne kili, baƙi wuluk akawal, hurde mai fari da ɗigo-ɗigon toka, gunya kuma mai ruwan madara. Wanda ƙafafunsa huɗu da goshinsa suke da fari ana ce masa fari biyar. Manya sun fi son kili domin yana fito da ado a Ƙofar Fada. Kai da kake farawa, nemi doki mai sanyin hali wanda ya haura shekara 7, ya saba da kiɗa da ƙarar bindiga. Duƙushi ko ingarma mai zafin kai ba naka ba ne yanzu, ko da kyauta aka ba ka.

Abincinsa shi ne babban aiki. Dokin ƙasarmu mai nauyin kilo 300 zuwa 350 yana bukatar kamar kilo 6 zuwa 7 na ciyawa da harawa a yini, harawar wake ko ta gyaɗa wadda ba ta yi fumfuna ba. Dawa da dusa ƙari ne kawai. Raba su sau biyu ko uku, ka yayyafa wa dusar ruwa, ka sa 'yar kanwa kaɗan. Cikin doki ƙarami ne, kuma ba ya amai, shi ya sa hatsi mai yawa a lokaci ɗaya ke kawo ciwon ciki. Kada ka sauya masa abinci rana ɗaya, ko da ɗanyar ciyawar farkon damina ce. A hankali, cikin mako guda ko fiye. Ruwa kuwa, da bazara yakan sha lita 30 zuwa 40. In ka ga ya ƙi ci, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, ɗauke abincin ka kira likitan dabbobi nan take. Akwai asibitinsu a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Kada ka bari a yi masa ɗure da ƙarfi, domin ruwan na iya bi ta huhu.

Share barga kullum, ka kankare cikin kofato, musamman da damina, don laima na ruɓar da shi har ya yi wari. A gyara kofaton duk mako 6 zuwa 8. Duba kaska a kunne da gindin wutsiya. Kilisa, wato fita da shi ya motsa jiki, safe ko yamma kada ta yanke. Dokin da ya yi wata a turke aka fito da shi sukuwa ranar Sallah, shi ke gurgujewa.

Kaya kuwa, fara da ragama, zubka (shimfiɗar ƙarƙashin sirdi), sirdi, majayi (ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki), likkafa da linzami. Jalala da sauran ado su jira. Goge bayansa kafin ka shimfiɗa zubka, saboda ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin sirdi tana zama miki. Ja majayi kaɗan, ka zagaya da shi, sannan ka ƙara ja har yatsu biyu kawai su iya shiga. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifi ƙwarai, mai nauyin hannu yakan fasa wa doki baki, don haka riƙe kamazuru, wato igiyar linzami, da sassauci. Kaimi kuma kada ka sa shi bana. Kwana uku kafin hawan, sa masa dukkan kayan ku zagaya unguwa, zagi na riƙe da ragama.