Amsa kan shuɗin allo da ke fitowa lokacin ajiyar kwafi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce kwamfutar shagonka da ke Tudun Wada tana aiki lafiya tun safe har dare, amma da zarar ka kunna manhajar ajiyar kwafi zuwa had disk na waje sai ta yi shuɗin allo ta sake tashi. Ka ce a da wata manhajar kake amfani da ita, ka cire ta ka saka wannan, kuma an ba ka shawarar fomatin. Dakata tukuna. Wannan cirewa da sakawar da ka ambata a gurguje ita ce abar zargi ta farko.

Manhajar da ke kwafe faifai gaba ɗaya ba irin su Word ba ce. Tana dasa direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke aiki a cikin Windows kanta, a can ƙasan Windows, tsakanin fayiloli da faifai, kamar shingen bincike a kan hanya, duk abin da za a rubuta sai ya bi ta kansa. Cire manhajar ba koyaushe yake ɗauke shingen ba. Sai sabuwa ta zo ta kafa nata a kan tsohon, ga na antibayiros a gefe, kowa na riƙe faifai a lokaci guda. Word in ta yi kuskure ita kaɗai ake rufewa, amma direba in ya taɓa inda bai kamata ba, Windows da gangan take tsayawa don kada ta rubuta shirme a faifai. Kuskuren irin wannan direban ne, na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike, ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 ranar 19 ga Yulin 2024, a ƙiyasin Microsoft.

Kafin komai, kwafe takardun mutane da hannu, ja ka ajiye a filasha, ba da manhajar ba. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda.

Sannan ka sa kwamfutar ta faɗi sunan mai laifi. Danna maɓallin Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sai Startup and Recovery. Cire alamar Automatically restart don allon ya tsaya ka karanta, ka zaɓi Small memory dump. Kunna ajiyar, bar kwamfutar ta faɗi, ɗauki hoton allon da waya. Bayan ta tashi za ka sami ƙaramin fayil a C:\Windows\Minidump. Buɗe shi da manhajar BlueScreenView, ko WinDbg in ka iya, inda za ka rubuta !analyze -v. A nan mutane ke ruɗewa: sau da yawa sunan da ke fitowa ntoskrnl.exe ne, ko fltmgr.sys, ko volsnap.sys. Duk na Windows ne, a hannunsu abin ya fashe kawai. Duba jerin da ke ƙasa ka nemi baƙon suna. Acronis na da snapman.sys da fltsrv.sys da tib.sys, Macrium Reflect na da mrcbt.sys. Ka ga sunan direban manhajar da ka ce ka cire, to rabin aiki ya ƙare.

Sai dai kada ka ɗora wa direba laifin da ba nasa ba. Ajiyar kwafi ita ce aiki mafi nauyi da kwamfutar shago ke yi, domin tana karanta kowane lungu na faifai ba hutawa, har wuraren da aka daɗe ba a taɓa ba. Buɗe Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, sashen System. Lamba 1001 mai suna BugCheck na nufin shuɗin allo ne na gaske. Lamba 41 ta Kernel-Power ita kaɗai, babu fayil a Minidump, ta fi nuna wuta ko zafi: ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a haka, ko batirin UPS ya gaji ya kasa riƙewa yayin da ake juyawa zuwa janareta. Lamba 7 daga disk ɓataccen gurbi ne a faifai, 153 kuma an sake maimaita karatu ko rubutu ne. Ka ga waɗannan, duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo. In ya nuna rawaya, kada ka yi masa chkdsk /r, umarnin bincike da gyaran faifai, kafin ka kwashe kayanka, yana iya ƙarasa shi. Had disk na waje kuma a bayan kwamfuta ake jona shi da gajeruwar waya. Ramin USB 2.0 milliamp 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, ramukan gaba ma sun fi saurin kawo tangarɗa.

In faifai lafiya yake, mu koma kan shingen. Buɗe Command Prompt a matsayin mai iko (Run as administrator) ka rubuta fltmc filters, za ka ga wasu daga cikin masu tare hanya. Rubuta vssadmin list providers kuma. In ban da na Microsoft akwai na tsohuwar manhaja, ga wani ragowar. Hanya mafi aminci ita ce ka sauke manhajar sharewa daga shafin kamfanin da ya yi tsohuwar, in suna da ita. In babu, sake saka tsohuwar, ka cire ta ta Control Panel, ka sake kunna kwamfuta.

Abin da ba a yi shi ne shiga C:\Windows\System32\drivers a goge fayil ɗin da hannu. Sunansa na nan a rajista, ma'ajiyar saitunan Windows, Windows za ta neme shi wajen tashi, ta rasa, ta ba ka INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, lamba 0x7B. Safe Mode ma, inda Windows ke tashi da direbobi kaɗan, ba lallai ya cece ka ba, don irin waɗannan direbobin tare da faifai suke tashi. Rajista ake fara gyarawa. A regedit, manhajar gyara rajista, je HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Class, ka nemi mabuɗi biyu: wanda ya fara da 4D36E967 na faifai ne, wanda ya fara da 71A27CDD na ɓangarorinsa. Yi wa kowanne Export tukuna, wato ka ajiye kwafinsa. Buɗe UpperFilters da LowerFilters, ka goge layin sunan tsohon direba kaɗai. Partmgr a na farko da volsnap a na biyu na Windows ne, ka taɓa su ba za ta tashi ba. Wanda hannunsa ke rawa a rajista gara ya kai wa mai gyaran da zai iya bayyana masa layin da zai goge kafin ya goge.

Bayan haka cire sabuwar ita ma, sake kunnawa, ka saka sigarta ta ƙarshe daga shafin masu ita. Ni dai ban ga hikimar damƙa ajiyar shago ga manhajar da aka fasa aka zuba maka a filasha ba: sigarta tsohuwa ce, ba ta karɓar gyara, ga Windows na sabuntawa a kanta. Antibayiros ma guda ɗaya ya isa. In sunan da ya fito ya fara da iaStor, direban faifai na Intel ne, sabunta shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, amma kada ka sauya saitin faifai daga RAID zuwa AHCI a BIOS kai tsaye, wannan ma 0x7B yake haifarwa.

In har yanzu ba a ga suna ba, akwai Driver Verifier, na Windows mai gwada direbobi. Yi restore point, wato kwafin saitunan Windows da za ka iya komawa kansa, buɗe verifier, zaɓi direbobin da ba na Microsoft ba kaɗai, kada ka zaɓi duka. Zai matsa musu har mai laifi ya faɗi da sunansa. Kashe shi da verifier /reset daga Safe Mode. Ranar da babu kwastoma ake wannan, don yana iya hana kwamfuta tashi na ɗan lokaci.

Turo mana hoton allon, da abin da fltmc filters ya nuna, da sunayen da ke cikin UpperFilters ɗin nan biyu, kafin ka goge komai.