Me ya sa ƙungiya za ta ba da ɗan wasa kyauta kuma ta ƙara da gurbin diraf a NBA?

Tambaya: Salam malam, ni ɗan kallon ƙwallon ƙafa ne kwanan nan na fara bin gasar ƙwallon kwando ta NBA, abin da ya ɗaure min kai shine sai na ga ƙungiya ta tura ɗan wasanta wata ƙungiyar, maimakon a biya ta sai ma ita ta haɗa da gurbin diraf ta ba su, abin da ta karɓo kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan wane irin ciniki ne? Kuma shi ɗan wasan ba shi da ta cewa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh farko dai ka ajiye lissafin ƙwallon ƙafa a gefe, domin a NBA ba a sayen ɗan wasa da kuɗi yadda Madrid ko Chelsea suke yi, musaya ake yi, kuɗin da aka yarda a haɗa a cikin ciniki 'yan miliyoyi ne kaɗan a shekara. Abin da ƙungiyar can ta saya da gurbin diraf ɗinta, wato damarta ta zaɓar sabon matashin ɗan wasa a zaɓen da lig ke yi kowace shekara, shine fili a cikin lissafin albashi, kuma a wannan lig ɗin fili kaya ne mai tsada.

Kowace kaka akwai iyakar albashi da aka yanka wa duk ƙungiyoyi 30. A kakar 2024-25 iyakar ta kai kusan dala miliyan 140.6, in ka haura miliyan 170.8 kuma sai ka fara biyan haraji a kan kowace dalar da ta hau. Ana iya wuce iyakar, musamman wajen sabunta wa 'yan wasanka kwantiragi, amma muddin kana sama da ita ba ka da damar ɗauko babban ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a wata ƙungiya ka ba shi albashi mai tsoka. Ga kuma inda gizo ke saƙar, yawancin kwantiragin NBA tabbatacce ne, ko ɗan wasa ya ji rauni ko wasansa ya mutu sai an biya shi, ko ka sallame shi ma kuɗin na nan zaune a lissafinka, kaga kenan hanya mafi sauri ita ce ka nemo wanda zai ɗauki kwantiragin gaba ɗaya, shi kuma ba zai ɗauka don Allah ba. Gurbin diraf ɗin ladan dako ne, ka biya a sauke maka kaya daga ka.

Duba Brooklyn Nets a 2019. Suna da Allen Crabbe da ke karɓar wajen dala miliyan 18.5 kuma ba ya tsinana musu abin kirki, sai suka tura shi Atlanta haɗe da gurbin zagayen farko guda biyu, na 17 a diraf ɗin shekarar da wani na 2020, suka karɓo Taurean Prince mai ƙaramin albashi. A bazarar shekarar, da filin da suka samu, suka kawo Kyrie Irving da Kevin Durant. Lakers ma haka, a 2016 da iyakar albashi ta yi tsalle daga miliyan 70 zuwa 94 kowa ya rikice da rabon kuɗi, suka ba Timofey Mozgov miliyan 64 na shekara huɗu, shekara ɗaya kacal suka gane sun tafka, dole suka haɗa shi da matashinsu D'Angelo Russell wanda suka ɗauka na biyu a diraf kafin Nets ta yarda ta karɓa, a 2018 kuma LeBron James ya zo.

Ita mai karɓar me ta ci? Galibi ƙungiya ce da ta san bana ba kofi, tana gini ne, filin nata zaune yake ba amfani kuma dama doka ta tilasta mata kashe aƙalla kashi 90 cikin 100 na iyakar, toh gara ta kashe a kan tsohon ɗan wasan wani a biya ta da gurabe. Sam Presti, manajan Oklahoma City, ya mayar da wannan sana'a, ya karɓi Al Horford daga Philadelphia a 2020 da gurbi a kai, a 2021 ya mayar da Horford ɗin Boston ya karɓi Kemba Walker da wani gurbin kuma, wato kaya ɗaya ya ci lada sau biyu.

Amma fa abin yana ƙona hannu, kuma ni a ganina duk manajan da ya ba da gurbi ba tare da sharaɗin kariya ba don kawai ya rage albashi ganganci ya yi. A watan Fabrairun 2011 Clippers suka matsu su rabu da Baron Davis, suka tura shi Cleveland haɗe da gurbinsu na zagayen farko, ba su sa sharaɗin cewa in ya faɗo a sahun gaba zai dawo musu ba, suka karɓo Mo Williams da Jamario Moon. Da aka zo jefa ƙuri'ar tantance wanda zai fara zaɓa a diraf, damar gurbin nan ya zama na ɗaya kashi 2.8 ne kawai cikin 100, wallahi sai ga shi ya fito na ɗaya, Cleveland ta ɗauki Kyrie Irving da shi, wanda ya jefa musu ƙwallon nasara a wasa na bakwai da suka ci kofin 2016. Shi Davis ɗin ma kafin shekarar ta ƙare sun sallame shi. Akwai dai dokar da ke taka wa manajoji birki, ba za ka bar kanka ba gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba ba, ana kiranta dokar Stepien saboda Ted Stepien, mai Cleveland a farkon shekarun 1980 da ya yi ta watsar da gurabensa.

Yanzu ma abin ya ƙaru tun yarjejeniyar 2023 tsakanin lig da 'yan wasa, domin layukan da ke sama da na haraji sun zama biyu, in ka haura na biyun, wanda ya kai miliyan 188.9 a 2024-25, ba ka da ikon haɗa albashin mutum biyu ka karɓo ɗaya, ba ka tura kuɗi a ciniki, har gurbinka na zagayen farko na shekara ta bakwai nan gaba a ƙulle shi. Shi ya sa Boston da ta ci kofi a 2024 ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a 2025.

Batun ɗan wasa kuwa, yawanci ba shi da ta cewa, kwantiraginsa ake turawa shi kuma ya bi, wani ma a waya zai ga labarin. 'Yan ƙalilan ne ke samun sharaɗin sai da yardarsu, irin wanda LeBron ya samu a kwantiraginsa na 2024. Albashinsa dai ba ya raguwa, kuma in sabuwar ƙungiyar ba ta buƙatarsa sukan zauna ya yafe wani ɓangare a sake shi, kamar Kemba da ko wasa ɗaya bai buga wa Oklahoma ba ya wuce New York Knicks.