Tambaya da Amsa: Tarar Takarda a Kamfanin Bututun Mai, Alhali Ko Ɗigo Bai Zube Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ɗan Kaduna ne, shekarata ta biyu ke nan a jihar Teksas ta Amurka ina aiki da wani kamfani mai tura ɗanyen mai ta bututu. Sufetocin PHMSA, hukumar tarayya mai kula da tsaron bututu, sun zo sun yi mako guda suna bincike, bayan wasu watanni sai ga takardar tuhuma da tara a kan abu uku. Takardar duba wasu bawul guda biyu, wato makunnin buɗewa da rufe bututu, ta ɓace. Wani ma'aikacin ɗan kwangila ya auna kariyar tsatsa bayan wa'adin shaidar ƙwarewarsa ya wuce. Sannan babu rubutacciyar shaida cewa an yi bitar horon gaggawa a bara. Ni ganau ne an duba bawul ɗin nan, ina tsaye aka yi, kuma ko ɗigon mai bai zube ba. Anya hukumar ba kuɗi kawai take nema ba? Wani na gaba da ni ya ce mu zauna mu sake cike fom ɗin da kwanan watan da aka yi aikin. Akwai laifi a yin hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aiki albarka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Kada ka cike fom ɗin nan da tsohon kwanan wata, kada kuma ka sa hannu a wanda wani ya cike. Ɓatan takarda laifin kamfani ne, ƙarshensa tara ko umarnin gyara. Ƙirƙirar takarda a miƙa wa jami'in gwamnatin tarayya kuwa, wanda ya rubuta shi zai amsa, kuma hukuncinsa a Amurka yana kaiwa ɗaurin shekara 5. Dokar tsaron bututu ita ma ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 ga wanda ya karya ƙa'idojinta da gangan. Kai baƙo ne a ƙasar, irin wannan shari'a tana iya taɓa takardar zamanka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a sana'ar da kwamfuta take rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi. Abin da ya halatta shi ne ka rubuta bayanin abin da ka gani, da kwanan watan ranar da kake rubutawa, ka faɗa a fili cewa takardar asali ta ɓace. A haɗa masa da duk abin da zai ƙarfafa shi: takardar umarnin aiki, rajistar shiga tasha, bayanan ɗakin kula, inda ake lura da bututu ta kwamfuta, idan bawul ɗin daga can ake ganin motsinsa.

To, mu koma ga hukumar. An kafa PHMSA a 2004 a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, amma dokar da take aiki da ita a kan bututun ruwa masu haɗari ta girme ta, tun 1979 take. Ƙa'idojin suna cikin kundin dokokin tarayya mai lamba 49, kashi na 195, kuma sun shafi ɗanyen mai, fetur da danginsa, amoniya, etanol, har da iskar kabon da aka matse. Kuɗin tara baitulmalin gwamnati yake shiga. Sashen bututu na hukumar yawanci da kuɗin da kamfanoni ke biya duk shekara gwargwadon tsawon bututunsu yake gudana, don haka sufeton da ya zo muku ba shi da kaso a tarar.

Ka tsaya a matsayin sufeton nan na ɗan lokaci. Bututun ruwa masu haɗari a Amurka sun haura mil 200,000, kusan dukansu a binne. Sufetocin tarayya da na jihohi idan aka haɗa 'yan ɗaruruwa ne, kuma su ne dai ke bin bututun gas. Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji, amma shi wannan bawan Allah ba shi da halin gani. Ba ya nan ranar da kuka juya bawul, ba zai tone ƙasa ya duba tsatsa ba, kuma zai iya yin shekaru bai sake takowa tasharku ba. Takarda ce idonsa. Idan ya yarda da "wallahi mun yi" daga bakinka, kai mai gaskiya, dole ya yarda da ita daga bakin wanda bai yi ba. Shi ya sa ƙa'idar ta raba abu biyu: yin aikin wajibi ne, ajiye shaidarsa ma wajibi ne mai zaman kansa. Sashe na 195.420 ya ce a duba bawul na babban layi aƙalla sau biyu a shekara, kada tazarar ta wuce wata bakwai da rabi. Sashe na 195.404 kuma ya ce a ajiye takardar kowane dubawa aƙalla shekara 2, ko har zuwa dubawa ta gaba idan ita ta fi tsawo. Takardar gyaran jikin bututu kuwa ana ajiye ta muddin bututun yana aiki. Saboda haka kuna iya tabbatar da cewa an duba bawul, amma laifin rashin takarda ya tsaya.

Takardar kuma ba don sufeto kaɗai ake rubuta ta ba, wannan ne abin da matasan injiniyoyi ba su cika lura da shi ba. Bututu yana yin shekara 50 ko 60 a ƙasa. Wanda ya binne shi ya yi ritaya, wanda ya gyara shi ya koma wani kamfani, kamfanin ma an sayar da shi sau biyu. Abin da ya rage wa na baya shi ne abin da aka rubuta. A garin San Bruno na Kalifoniya, a 2010, bututun gas ya fashe ya kashe mutum 8. Da aka bincika, takardun kamfanin PG&E mai bututun sun nuna bututun ba shi da ɗinkin walda a tsawonsa, alhali wurin da ya tsage ɗinkin walda ne mara kyau. Na gas ne, wata ƙa'ida ce daban take kula da shi, amma darasin ya shiga duk sana'ar: wanda bai san abin da ke binne ba, ba zai san irin gwajin da ya kamata ya yi masa ba.

Batun horo da shaidar ƙwarewa shi ne nake so in ɗan daɗe a kansa, domin da jini aka rubuta shi. Ranar 10 ga Yuni, 1999, bututun kamfanin Olympic mai faɗin inci 16 ya fashe a garin Bellingham na jihar Washinton. Fetur kimanin galan 237,000 ya kwarara cikin wani rafi da ya ratsa wurin shaƙatawa, ya kama da wuta. Yara biyu 'yan shekara 10 suka rasu sakamakon ƙuna, da wani saurayi ɗan shekara 18 da ya je kamun kifi, tururin fetur ya buge shi ya faɗa ruwa. Motar haƙa ce ta ji wa bututun rauni shekaru kafin nan, wani bawul na rage matsi bai yi aikinsa ba, kwamfutar ɗakin kula ta tsaya a daidai lokacin. Da aka je kotu, gazawa wajen horar da ma'aikata tana cikin laifukan da aka amsa, har wasu manyan ma'aikata suka yi zaman gidan yari. Kai da ka taso a Najeriya ka san labarin Jesse na 1998, inda wutar bututun fetur ta ci sama da mutum 1,000, ba sai an kwatanta maka yadda wannan wuta take ba.

Ƙa'idar tantance ƙwarewa ta fito a 1999, aka ba kamfanoni zuwa Oktoban 2002 su gama tantance mutanensu. Tana cikin sashe na 195.501 zuwa 195.509. Duk aikin gudanarwa ko kula da ake yi a jikin bututu, wanda ƙa'ida ta wajabta kuma yake iya shafar lafiyar bututun, ba mai yin sa sai wanda aka gwada aka tabbatar ya iya. Iyawar ma kashi biyu ce: ya iya aikin, sannan ya iya gane alamar cewa wani abu ya saɓa, ya san matakin da zai ɗauka. Wanda ba a tantance ba yana iya yin aikin ne kawai idan ƙwararre yana tsaye a kansa yana lura. Kamfani ne da kansa yake yanke bayan shekara nawa za a sake gwada mutum, da yawa suna sa shekara 3, amma da zarar ya rubuta a tsarinsa ya zama masa doka. Kuma ba a karɓar uzurin cewa mutumin ɗan kwangila ne, domin mai bututu ne ke ɗauke da nauyin duk wanda ya taɓa bututunsa. Takardar shaidar dole ta nuna sunan mutum, aikin da aka tantance shi a kai, ranar da aka yi, da hanyar da aka bi, kuma ko ya bar aikin sai an ajiye ta shekara 5.

Kada ka raina aikin da mutumin nan ya yi. Auna kariyar tsatsa karanta ƙaramar wutar lantarki ce tsakanin bututu da ƙasa. Wanda hannunsa bai faɗa ba zai iya rubuta lamba mai kyau a wurin da kariya ta mutu, a rufe fayil, tsatsa ta ci gaba da cin bututun shekara guda cur kafin a sake zuwa.

Horon gaggawa kuma sashe na 195.403 ne: sau ɗaya a kowace shekara, tazarar da ba ta wuce wata 15 ba, kamfani ya zauna da ma'aikata a duba ko horon yana cimma manufarsa, a gyara inda ya gaza. Wanda yake ganin wannan zaman ɓata lokaci ne ya karanta abin da ya faru a Marshall ta jihar Mishigan ranar 25 ga Yuli, 2010. Layin 6B na kamfanin Enbridge, mai faɗin inci 30, ya tsage. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa a ɗakin kula da ke Edmonton ta Kanada, amma ma'aikatan suka ɗauka giɓi ne kawai ya samu a cikin man saboda an tsayar da famfo. Kamfanin yana da rubutacciyar doka cewa idan aka yi minti 10 ba a gane dalilin irin wannan alama ba a rufe layi. Ba a bi ta ba. Sau biyu aka sake kunna famfo ana tura mai cikin fasasshen bututu, kuma kashi 81 cikin 100 na abin da ya zube a wannan kunnawar ya fita. Sai bayan sama da awa 17 wani ma'aikacin kamfanin gas na yankin ya ga man ya buga waya. Sama da galan 840,000 ya shiga rafin Talmadge da kogin Kalamazoo. Wani abin baƙin ciki, na'urar da ake turawa cikin bututu tana leƙa lafiyarsa, wadda ma'aikata ke kira alade, ta nuna tsaga a wannan wurin tun 2005, ba a tone an gyara ba.

A 2012 PHMSA ta ci Enbridge tarar dala miliyan 3.7 a kan laifuka 24, yayin da aikin share man ya ci sama da dala biliyan 1. A ganina, idan akwai abin zargi a tsarin nan, ƙanƙantar tarar ce a gaban kamfanoni masu juya biliyoyi. Dokar 2011 ta ɗaga iyakar zuwa dala 200,000 a kan kowane laifi a kowace rana, da dala miliyan 2 a kan jerin laifuka masu alaƙa, kuma ana ƙara ta lokaci zuwa lokaci saboda hauhawar farashi. Na kuma yarda da kai a wani ɓangare: akwai wuraren da takarda ta zama ita ce aikin, ana cike gurbi ana sa hannu, zuciya ba ta wurin. Wannan cuta ce ta gaske kuma tana damuna ƙwarai. Amma maganinta a rubuta abin da aka gani dalla-dalla, har da abin da bai yi daidai ba, kamar bawul ɗin da ya yi tauri ko wanda yake ɗan tsiyaya.

Game da takardar da ta zo muku, ba hukuncin ƙarshe ba ce, sanarwa ce ta laifin da ake zargi. Kamfani yana da kwana 30 daga ranar da ya karɓa ya amsa. Yana iya biyan tarar, ko ya aika rubutaccen bayani da hujjoji, ko ya nemi a zauna a saurare shi a gaban wani lauyan hukumar da ba shi da hannu a binciken. Nauyin kawo hujja a kan hukumar yake, kuma ana janye wasu tuhume-tuhumen ko a rage tara idan bayani ya gamsar. Wajen yanke adadi ana duba girman laifin, da ko ya taɓa mutane ko muhalli, da ko kamfani ya taɓa yin irinsa, da ko ya nuna kyakkyawar niyya. A nan ne shaidarka ta gaskiya za ta yi amfani, domin laifin ɓatan takarda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan laifin ƙin duba bawul. Bayan hukunci ya fito akwai kwana 20 na neman a sake dubawa. Hukumar tana saka waɗannan shari'o'i a shafinta na intanet, ka nemi masu kama da taku ka karanta, za ka ƙaru fiye da yadda kwas na mako guda zai ƙara maka.

Shi kuma na gaban nan naka, ka je masa cikin ladabi ka ce ba za ka iya sa tsohon kwanan wata ba, amma a shirye kake ka rubuta abin da ka gani da sunanka. Mai yiwuwa tsoro ne ya sa shi faɗin haka, kuma idan ya ji wata hanya zai bi. Idan ya matsa, ka kai maganar ga sashen bin doka ko lauyan kamfani a rubuce, ka ajiye kwafi a wurinka. Dokar tsaron bututu ta 2002 ta hana a kori ma'aikaci ko a muzguna masa don ya ƙi karya ƙa'ida ko ya kai rahoto, kuma wanda aka yi wa haka yana da kwana 180 ya shigar da ƙara a hukumar OSHA ta ma'aikatar ƙwadago. Idan abin ya kai nan, ka nemi lauya naka na kanka tun kwanakin ba su fara tafiya ba, domin lauyan kamfani kamfani yake karewa.