Muryar Yaya a guruf ɗin gida: jikin Baba, Kirsimeti da maganar zuwan Fasto

Salama a gare ku 'yan gidanmu, manya da yara, barkanku da yamma. Ni ce Yayarku, ina zaune nan bakin ƙofar ɗakin Baba nake magana. Muryar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Wanda datarsa ta yi ƙasa, Auta ta ce za ta rubuta ta tura.

Tun shekaranjiya nake ganin saƙonni suna ta shigowa, ban tanka ba don hannuna bai huta ba. Kawu na Kaduna ya tambaya: yaya jikin Baba tsakani da Allah, kuma me zai hana Fasto, ɗan Baba da ke aikin bishara a Nijar, ya zo gida Kirsimetin bana alhali mahaifinsa na kwance? Ya ce zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne Kawu, ban musa ba. Amma a ƙarƙashin saƙonka wani cikin yaranmu ya rubuta wai aikin bishara ya fi wa Fasto ubansa. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, kwana biyu ina juya ta. Kawu, ka ba ni izini in amsa a gaban kowa.

Bari in fara da jikin Baba, don wasunku sun ji rabi-rabi.

Yau mako uku ke nan. Da sassafe yana zaune kan tabarmarsa yana shan koko, sai ludayin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Mama ta leƙo ta ga bakinsa ya karkace gefe guda, yana son ya kira sunanta, harshen ya yi nauyi. Ita ta ɗauka sanyin hunturu ne ya kama shi, har ta ɗauko man zafi da ruwa a moɗa. Allah ya sa ina tsakar gida. Na ce Mama kada ki ba shi ko ɗigo, don mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye haɗiya takan gagare shi, ruwan sai ya bi ta hanyar iska ya shiga huhu. Shekarun da na yi ina aikin jinya na ga irin wannan ba sau ɗaya ba.

Alhaji maƙwabcinmu, Allah ya saka masa da alheri, bai daɗe da dawowa daga masallaci ba. Ko hula bai tsaya ɗauka ba ya fito da mota. Da aka gwada jinin Baba a asibiti, ɗari biyu ne a kan ɗari da goma. Ku da ba ku saba da lissafin ba, daga ɗari da arba'in a kan casa'in an riga an shiga hawan jini. Daga nan muka bi ta Funtuwa muka wuce Zariya aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Hoton nan ya ci kuɗi, na san wasu sun yi gunaguni, amma ba a iya tsallake shi. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jini ya daskare ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Maganin da ake ba mai toshewa, irin su asfirin, in aka ba mai fashewa ƙara masa ciwo zai yi. Na Baba toshewa ce, kuma ba babba ba ce. Mun gode wa Ubangiji.

Yanzu abin da ya fi yi mini nauyi in faɗa. Da muka dawo ina gyara masa shimfiɗa, sai na tarar da kwalin maganinsa na hawan jini ƙarƙashin katifa, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Na duba takardar da aka rubuta, tun watan Oktoba ya kamata a sake saye. Da bakinsa ya ɗan saki na tambaye shi, sai ya ce ya ga jikinsa lafiya lau, kuma ya ga kowa na fama da kuɗin makarantar yara, bai so ya ƙara mana nauyi ba. Wata biyu Baba bai sha magani ba, ina cikin gidan nan, ban lura ba. Ku na Kaduna da Kano da Jos kuna kira kuna gaishe shi, babu wanda ya ce Baba maganin fa? Don haka in za a nemi inda aka yi sakaci, a nan kusa yake, a wurinmu, ni ce ta farko. Ba a Nijar yake ba.

Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a ce an sha magani an warke. Shan magani ne kullum har iyakar rai, ko mutum na jin garau.

Jikin nasa da sauƙi sosai. Yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure, ya huta, ya dawo. Ƙafar ta fi hannun saurin dawowa. Sau biyu a mako muna kai shi wurin masu gashin ƙashi, a gida kuma nakan zuba masa wake a faifai ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya da hannun dama yana jefawa a kwano. Ranar farko uku ya iya, ya ture faifan cikin fushi. Jiya sai da ya kai talatin da biyu, ya sa aka kira Mama ta zo ta ƙirga da kanta. Magana tana fitowa a hankali, wani lokaci kalmar takan ɓace masa ya yi shiru yana dubana. Amma ranar Lahadi da Zumuntar Mata suka zo gaishe shi suka ɗauki waƙa, sai ga Baba yana bi baiti bayan baiti, ba sarƙewa. Mai gashin ƙashin ya ce haka abin yake, waƙa takan riga magana dawowa. Ni dai fita na yi bayan ɗaki na share hawaye.

To, maganar Fasto.

Akwai abin da bai faɗa muku ba, don matarsa ba ta so a ɗaga hankalin Mama a kan na Baba. Jiya da dare ta ce in faɗa. Cikinta ya shiga wata na takwas, kuma jininta ya hau. Ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ga ciwon kai, wani lokaci tana gani dishi-dishi. An gwada fitsari an ga alamar da ake tsoro. Matan gidan nan kun san inda wannan ke kaiwa in aka yi wasa: jijjiga, wadda ke tafiya da uwa da ɗa. Likitocin asibitin mishan na Galmi, can Nijar, sun ce kada ta yi nisa da su, duk 'yan kwanaki ta zo awo, kuma mai yiwuwa a ciro jaririn kafin lokaci ko a yi mata tiyata. Asibitin nan ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe shi tun 1950, har daga Najeriya mutane ke tsallakawa su je, don haka tana hannu mai kyau. Ƙauyen da suke bai da nisa da can.

Yanzu ku lissafa mini hanyar. Daga wajen Galmi sai Madawa, sai Maraɗi, sai Ɗan Isa, a tsallaka boda a Jibiya, a shiga Katsina, sannan a gangaro Malumfashi. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da aka rufe boda, ko da aka buɗe daga baya, tafiyar ba ta koma kamar da ba. Ga shingaye, ga binciken takardu, ga halin da hanyar Jibiya ke ciki wanda ba sai na faɗa wa ɗan Katsina ba. Mace mai wannan ciki za a ɗora a kan wannan hanya? Ko ya bar ta ita kaɗai da yara biyu a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da 'yar'uwa, ya taho cin shinkafa?

Kuma kada wani ya ɗauka bai nemi zuwa ba. Daren da Baba ya faɗi, sau bakwai ya kira ni. Washegari har ya haɗa jaka. Ni na ce ya dakata sai an ga hoto. Da Baba ya fara magana na sa masa waya a kunne, Fasto na kuka yana cewa ga shi nan tafe. Baba ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Zauna. Aiki." Kalma biyu ke nan, kuma Mama na wurin, ku tambaye ta.

Ku da kuka tashi a gaban Baba kun san daga ina wannan ta fito. Sau nawa ya zaunar da mu a zauren nan yana ba mu labarin samari ukun da suka fara aikin mishan na SIM, waɗanda suka sauka Legas a 1893, Gowans da Kent da Bingham? A shekarar da ta biyo baya biyu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku, nan ƙasar Zazzau. Baba yakan ce su ma suna da iyaye, kuma uwar Gowans ita ce ta ƙarfafa tafiyar. Yakan ce tun 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda ta zama EMS, kafin ma ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma manoma irinsa ne suka riƙe ta da damin dawa da 'yan kwabbai. Ranar da aka keɓe Fasto za a tura shi Nijar, Baba da kansa ya ɗora masa hannu. Bai ba da ɗansa don ya karɓe shi ranar da ciwo ya zo ba. Ɗana da ka rubuta waccan magana, ban kira sunanka ba kuma ba zan kira ba, na san ƙaunar kakanka ce ta sa. Amma Fasto ya karanta. Ka kira shi.

In kuna son ku san zaman da suke yi can: ɗaki biyu ne na ƙasa, majami'ar kuma rumfar kara ce. Ruwa daga rijiya, waya sai an kai caji kasuwa. Hausa ɗaya muke yi da su, amma yaran sun dawo suna ce wa makaranta lakwal, asibiti kuma likita. Kiristoci kaɗan ne ƙwarai a wurin, maƙwabtansu duka Musulmi ne, kuma matan maƙwabtan ne ke ɗebo wa matarsa ruwa tun da ƙafarta ta kumbura. Wani mai gonar albasa ya ce ko tsakar dare ne a buga masa ƙofa zai kai su Galmi. Abin da ke cin su shi ne canji. Tallafinsu da naira yake zuwa, su kuma da sefa suke sayen komai, kuma kun san yadda naira ta faɗi. Abin da a da yake kai su ƙarshen wata yanzu tsakiya yake tsayawa. Bai taɓa roƙon kowa a guruf ɗin nan ba, ni ce nake roƙa masa.

Ga shawarar da muka yanke da Mama, in Kawu da Gwaggo sun amince. Ankon bana a bar shi. Kowa ya sa na bara, babu wanda zai mutu. Kuɗin atamfa da na ɗinki a raba biyu: rabi maganin Baba na wata shida da kuɗin gashin ƙashi, a saya a ajiye a hannuna, rabi a aika wa Fasto saboda haihuwa. Daga Janairu kuma kowane ɗaki ya ɗauki wata guda na maganin Baba, a rubuta suna da wata a nan guruf, kowa na gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saniyar da aka saba haɗa kuɗi a yanka, bana awaki biyu sun isa.

Kirsimeti kuwa za a yi, Baba ya ce kada a fasa komai. Masu zuwa ku yi ƙoƙari ku iso ran 23 ko 24, kuma da rana. Don Allah kada wanda ya kamo hanya bayan la'asar. Ɗakin Baffa za su zo ran 25 da yamma kamar kullum, a ware musu kwanukansu tun da wuri, kuma Alhaji ne zai yanka awakin don kowa ya ci hankali kwance, yadda mu ma suke cika mana kwano da Sallah. Kason Alhaji bana a ninka shi.

Roƙona ga masu zuwa: tukunyar Baba daban ce, ni ke dafawa. Ba gishiri mai yawa, ba dunƙule, ba kanwa, ba soyayyen nama mai kitse, ba lemon kwalba. Na san halinku, wani zai zo da tsire a takarda ya ce Baba ɗan taɓa. Kada ku yi. Kada kuma a kawo masa jiƙo a jarka wai maganin shanyewar jiki, ko waye ya ba ku. Shiga wurinsa biyu-biyu, in yana neman kalma ku jira shi, kada ku ƙarasa masa, yana jin ciwon hakan. Yara su yi wasan wutarsu can bakin hanya, ban da ƙofar ɗakinsa.

Ran 26 da safe kafin a karya, duk wanda ya haura shekara talatin zai zauna a kan bencin zaure in ɗaura masa abin awo. Ciwon hawan jinin nan yana bin jini, Baba na da shi, marigayi Baffa da shi ya tafi. Kawu, da kai za a fara.

Ran Kirsimeti bayan an taso sujada, wajen ƙarfe biyu, Fasto zai hau tudun da suke samun sabis ya kira mu ta bidiyo. Agogonmu ɗaya da Nijar, babu ruɗani. Baba yana ta koyon sunayen jikokinsa biyu na can, yana so ya kira su da bakinsa ba tare da na taya shi ba. Na farin ya zauna, na biyun ne har yanzu yake ɗan sarƙe masa.

Bari in tsaya nan, na ji yana buga sanda, lokacin maganin yamma ya yi. Gwaggo, ki kira ni in an jima a kan maganar awakin. Ubangiji ya kawo ku lafiya.